Mu da Fitilun Dashbod a Sakkwato

A Sakkwato, in hon ɗin mota ya mutu, mai ita ba ya kwana bai kai ta wurin mai wayarin ba. Wa zai ratsa randabawul ɗin Dandima da la'asar sakaliya, 'yan kabu-kabu na ɓullowa ta dama da hagu, ba shi da abin da zai tsawata musu da shi? In rediyo ce ta yi shiru, gobe-gobe za a gyara ta, don ba ma jure rasa labaran safe. Fitilar gaba ma mukan lallaɓa mu gyara, ko da ido ɗaya ne. Amma bari fitilun dashbod su ɗauke, allon da ke gaban direba ya yi duhu ɗif, sai ka ga mutum ya shekara a haka. In dare ya yi yana son sanin ko da sauran mai a tanki, ya zaro waya ya haska, ya mai da ita aljihu, ya ci gaba da tafiyarsa. Ka tambaye shi, amsar guda ce daga Mabera har Runjin Sambo: "Ai ba ta hana mota tahiya."

Gaskiyarsa, a ranar ba ta hana ta. Na kuma san inda maganar ta samo asali. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, magidancin da ya iya zuba abin da zai kai yara makaranta ya wuce wurin aiki ya dawo, godiya yake yi wa Allah, ba ya neman wata sabuwar ƙofar kashe kuɗi. Motocin namu kuma sun ga jiya sun ga yau. Golf 3 da ke jigilar mutane zuwa Illela da Tambuwal, da Carina E, da Honda Hala, duk 'yan shekarun 1990 ne. Fijo 504 da 505 kuwa, waɗanda aka harhaɗa a masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, wasunsu sun girmi masu tuƙa su. Yawancin sauran sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano, su ratso Nijar su shigo mana ta Ƙonni, kafin gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga farkon 2017. Ɗan ƙwan fitilar da ke bayan allon nan, mai ƙarfin wat 1.2, sau da yawa shi ne wanda aka sa tun daga masana'anta. In ya mutu bayan shekara ashirin da biyar, ai ya yi abin a yaba masa.

Sai kuma ranarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma wannan a inuwa ke nan. Motar da ta wuni a filin sakatariya ko bakin Babbar Kasuwa da gilasai a rufe, ba ka iya ɗora tafin hannu a kan dashbod ɗinta. Shi ya sa muke shimfiɗa mata guntun kafet ko darduma a kai. Robar tana bushewa ta tsage, dalmar da ta riƙe wayoyi a bayan allo tana buɗewa da rana ta tsuke da dare har ta yi 'yar tsaga da ido ba ya gani, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta zauna a bakin soket. Daga nan ne muka samo maganinmu na gado, wato mari. Direba ya kunna fitila, allo bai kawo ba, ya kai wa dashbod duka da tafin hannu, sai ga haske. Fasinjoji su yi dariya, shi kuma ya ce, "Ta san hannuna." Dukan ya girgiza tsagaggiyar dalmar ne ko sakakken soket ɗin suka sake haɗuwa. Duk motar da mari ke tayar wa fitila, ta riga ta gaya maka ciwonta: ƙwan lafiya lau yake, fiyus ma haka, wani mahaɗi ne ya saki. Aikin ɗan lokaci ne ga mai wayarin da ke da ƙarfen dalma. Mu kuwa sai mu yi ta dukan har ranar da ta daina jin duka.

A majalisa in ana wannan hira, mukan cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai fitilun da ke haska allon da dare don ka ga allurar gudu da ta mai da ta zafi. Akwai kuma ƙananan nan masu launi, ta baƙin mai, ta batir, ta birki, ta injin, waɗanda aikinsu gargaɗi ne. Hanyar wutarsu dabam, abin da mutuwarsu ke jawowa ma dabam.

Na farkon su ne muka fi rainawa, kuma su ne suka fi tayar mini da hankali in na tuna hanyar Kware da dare. A motoci da yawa, hasken allo da jajayen fitilun baya da 'yar fitilar lamba duk a kan fiyus ɗaya suke. A Toyota za ka ga an rubuta TAIL a murfin akwatin fiyus. In wannan fiyus ya ƙone, fitilun gaba suna nan suna haske abinsu, don hanyarsu dabam, direba yana ganin titi, hankalinsa kwance. Bayansa kuwa duhu ne baƙi ƙirin. Tirelar da ta taso daga Kalambaina da lodin siminti ba za ta gan shi ba sai ta zo daf. Wanda ya taɓa bin hanyar Dange ko ta Bodinga bayan isha'i ya san yadda abu kan faɗo maka a gaba ba sallama, amalanke ne, raƙumi ne, babur ne marar danja. To mai duhun dashbod yakan zama ɗaya daga cikinsu bai sani ba. Saboda haka duk wanda allonsa ya ɗauke gaba ɗaya lokaci guda, kafin ya taɓa komai, ya kunna ƙananan fitilu ya sauka ya zagaya bayan motar ya duba. In baya ma duhu ne, wannan mota ba ta da hurumin hawa titi da dare, ko da daga Arkilla zuwa Gawon Nama ne.

In kuwa baya na ci, allon ne kawai ya mutu, to a duba ɗan maɓallin rage haske. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su san da shi ba. Wani ɗan faifai ne ko ɗan murɗi a gefen sitiyari, a wasu motocin kuma ɗan sandan nan na jikin allo da ake dannawa a share lissafin kilomita, shi ake murɗawa. Yaron da ke wankin mota yana goge ƙura da tsumma sai ya tura shi ƙasa. Wata malamar makaranta a layinmu ta kusa sayen sabon allo a kan wannan. Ɗan maƙwabta ne, wanda ke koyon wayarin, ya leƙa ta taga ya ce, "Anti, bari in gani," ya sa yatsa ya mirgina faifan, allo ya kawo fes. In maɓallin ya tsufa shi ma yakan ci ƙura ya daina aiki, amma a fara da murɗa shi sama da ƙasa tukuna, ba a biyan ko sisi a kan wannan.

Zancen fiyus kuwa, nan ne halinmu ya fi fitowa fili. An yi fiyus ne don ya mutu. Siririn ƙarfen da ke cikinsa an auna shi yadda zai narke kafin wayar mota ta yi zafi. Har launi aka ba su don kada a rikice: ja lamba 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Mu kuwa in ja ya ƙone muka sa wani ya sake ƙonewa, sai mu ce ai ƙarami ne, a sa kore. In koren ma bai tsaya ba, ko dare ya yi ba shago a buɗe, sai a fiɗe waya a zaro silin jan ƙarfe a naɗa a ƙafafun mataccen fiyus ɗin a cusa. Wani takardar azurfar kwalin taba yake naɗawa. Wuta ta kawo, kowa ya ce madalla. Amma abin da ya kashe fiyus na farko yana nan inda yake, wata waya ce ta goge tana taɓa bodi. Yanzu da ba abin da zai yanke, ita wayar ce za ta yi zafi, robarta ta narke ta kama ta kusa da ita, a can cikin ƙunshin wayoyin da ke bayan dashbod inda hannu ba ya kai wa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Motocin da muke gani sun kama da wuta a bakin titi ana watsa musu ƙasa, ba duka ne daga bututun mai abin ya taso ba. Ko fiyus ɗin ma a lura da wanda ake saye, akwai na araha a kasuwa da lambar da ke jikinsu ado ce kawai, robarsu ta narke ƙarfen bai yanke ba. Masu wayarin da suka san aikinsu sun fi yarda da tsofaffin da aka ciro daga motocin Baljiyam.

To ina wayar take gogewa? Mu da muke loda wa Golf buhunan albasa har but ya ƙi rufuwa a ɗaure shi da igiya, ba sai an yi nisa da nema ba. Wayoyin fitilun baya ta cikin but suke bi, na fitilar lamba kuma sukan bi ta maganaɗin murfin, inda ake buɗewa ana rufewa kullum har su karye. Buhu ya danne su, ƙarfen jak ya goge su, ruwan damina ya shiga ta fasasshen gilashin danja. Ciwon yana baya, alamar tana gaba. Wuri na biyu shi ne bayan rediyo. Kusan duk wanda ya sayi mota a garin nan, abu na farko shi ne a cire ta asali a sa mai blutut ko mai allo. A cikin wayoyin da ke zuwa wa rediyo akwai guda ta hasken dare, wadda in fitilu na kashe, gwaji kan nuna ta kamar wayar bodi ce. Yaron da bai ƙware ba sai ya ɗaura wayar bodin sabuwar rediyo a kanta. Da rana komai daidai, an biya an tafi ana jin waƙa. Magariba na yi aka kunna fitila, fiyus ya tashi, wani lokaci har da maɓallin rage hasken. Shi ya sa gwanin mai wayarin, tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, mi anka taɓa ma motag ga kwanan nan?" Mu kuma amsarmu ta farko ita ce, "Wallahi ba a taɓa komi ba," sai an ɗan jima mu tuna da rediyon.

Ina son kallon tsofaffin masu wayarin na wajen J. Allen da Buzaye in suna aiki. Akwai wani dattijo da kayan aikinsa ba su wuce sukundireba biyu da filaya da testa ba, testar ma ƙwan fitila ne da ya ɗaura wa waya biyu da hannunsa. Ba ya fara kwance komai. Sai ya maƙala waya ɗaya a ƙarfen ƙofa, ya durƙusa a gefen kujerar direba, ya ce wa yaronsa ya kunna ƙananan fitilu. Kowane fiyus yana da 'yan ƙofofi biyu a bayansa inda ƙarfe ya leƙo. Ya taɓa ta dama, ƙwai ya kawo, ya taɓa ta hagu, ya kawo, ya wuce na gaba. Wanda ya kawo ta gefe ɗaya ya ƙi ɗayan, shi ne mataccen, bai ma ciro shi ba ya san shi. In ya ga fiyus na ta tashi, ba ya ɓarnar sababbi. Sai ya cire shi ya sa ƙwan babbar fitila a gurbinsa. Muddin waya na taɓa bodi, ƙwan zai yi haske sosai, kuma shi zai shanye wutar, ba abin da zai ƙone. Daga nan ya bi motar yana cire soket ɗaya bayan ɗaya, na danjar hagu, na dama, na lamba, na rediyo, yana girgiza ƙunshin wayoyi, idonsa na kan ƙwan. Inda haske ya dusashe, nan ɓarnar take. Wata rana wani mai mota yana tsaye yana duba agogo yana cewa, "Baba, don Allah a haɗa mini ita dairek kawai, sauri nike." Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Alhaji, in dairek kaka so, ga yara can. Ni ba ni sa hannuna ga abin da za ya ƙone da iyalinka ciki."

Wannan dairek ɗin ita ce cutarmu. A jawo waya daga batir ko daga makulli a kai wa abu wuta kai tsaye, ba fiyus ba komai. Mun yi wa fankar lagireto, mun yi wa famfon mai, muna yi wa allo. Laifin kuma ba na yaran gareji ba ne su kaɗai, mu ne ba ma son biyan kuɗin bincike. Mutum zai biya kuɗin kaya da ransa fari, amma wanda ya ɓata awa guda yana bin waya har ya gano inda ta goge ya naɗe ta, sai a ce masa, "To mi kac canza?"

In ɓangare ɗaya ne na allon ya yi duhu, misali wajen allurar mai na ci wajen ta gudu ba ya ci, wannan ƙwai ne, ba wani abu ba. A kwance allon, a murɗo 'yan soket ɗin bayansa, kuma tunda an riga an buɗe a canza su duka, don sa'o'in juna ne. In kuma alluran ne suka rikice, ka kunna sigina allurar mai ta motsa, ko ka taka birki wata fitila ta kawo a allo, to wayar bodi ce ta yi tsatsa ko ta saki, wutar ta rasa hanyar komawa tana bin ta maƙwabta. In ƙwayaye na yawan mutuwa gaba da baya, a sa mita a kan batir mota na aiki. Batir mai lafiya yakan nuna wajen 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Abin da ya kai 15 ya wuce, altaneta ce ke cika wuta, tana dafa batir tana ƙona ƙwayaye.

Sai fitilun gargaɗi, waɗanda muka ɗauka 'yan tsegumi ne. Masu ƙera mota sun tanadi hanyar gwada su kullum ba tare da kowa ya kwance komai ba. In ka murɗa makulli zuwa mataki na biyu, kafin ka ba ta wuta, dukkansu za su kawo. Wannan gaisuwar safe ce, kowace tana cewa ga ni. In injin ya tashi sai su ɗauke. Mu kuwa murɗa ɗaya muke yi har ƙarshe, ido na kan ƙofar gida ko kan waya, ba mu san wacce ta kawo wacce ba ta kawo ba. Fitilar da ta mutu shiru take yi, shirun nan kuma kama yake da lafiya.

Ɗauki ta batir. A tsofaffin motocin Turai da yawa, irin su 504 da 505 da tsohuwar Marsandi, 'yar wutar da ke tayar da altaneta ta fara caji ta cikin wannan ƙwan take bi. In ƙwan ya mutu, altaneta ba ta fara aiki sai an taka totur sosai, wata ma ba ta farawa sam. Mai motar bai ga wata jar fitila ba, ya dai ga batir na mutuwa. Ya kai caji, ya mutu. Ya sayi sabo, ya mutu. Aka kwance altaneta aka gwada aka ce lafiyarta lau, aka mayar, yara na ta turin mota kowace safiya. Duk a kan ƙwan da kuɗinsa bai kai na kwanon fura ba. Motocin Japan da yawa suna da wata wayar dabam ta wannan aikin, amma masu Fijo su riƙe wannan. Su kuma samarinmu masu son canza ƙwayayen allo zuwa LED shuɗi ko fari, a bar musu adonsu a fitilun haske, sai dai su sani LED ƙafa ɗaya yake karɓar wuta, in bai kawo ba a juya shi. Ta batir kam a bar mata ƙwanta na asali, don LED ba ya jan wutar da za ta ishi altaneta.

Ta baƙin mai, mai hoton buta, ita ce wadda ba a wasa da ita. Ba yawan man take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa. In ta kawo mota na tafiya, man ba ya kai wa inda ya kamata, kuma abin da ya rage wa injin daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna. A gangara a kashe, ko a tsakiyar gadar sama ne a nemi gefe. Abin da ke kunna ta wani ɗan makunni ne a jikin injin, galibi kusa da matatar mai, da waya ɗaya tak. In wayar nan ta fita, fitilar ba za ta ƙara kawowa ba har abada, ko da babu ɗigon mai a ciki. Yaro na canza mai hannunsa ya ture ta, shi ke nan. Wani lokacin kuma da gangan ake cire ta. Mota ta tsufa, in ta yi zafi a cunkoson Kofar Atiku cikin azumin bazara fitilar ta fara ƙyaftawa, sai a ce, "Suwic na, cire mata." Mai yiwuwa makunnin ne. Mai yiwuwa kuma famfon mai ne ya gaji, ko metal sun cinye, ko man ya tsinke. Akwai geji da ake ɗaurawa a gurbin makunnin a ga gaskiya cikin minti goma. Wanda injinsa ya buga a dajin Tureta, a wannan zamani da ba wanda ke son tsayuwa a hanyar Gusau, ya san abin da minti goman nan ya fi.

Jar fitilar birki ma haka. Muna cewa ta hanbirki ce ta maƙale, alhali ita ce kuma ke kawowa in man birki ya yi ƙasa, ko don takalman sun cinye ko don yana yoyo. Ƙa'idar launin ba ta da wuya: ja a tsaya, ruwan ɗorawa a je a duba ba da jimawa ba, kore da shuɗi labari ne kawai.

Cek-injin kuwa ta zama 'yar gida. Da wuya ka shiga motar haya ko ta abokinka ba ka gan ta tana ci ba, har wasu na cewa in ta mutu ne ya kamata a damu. Dalilan sanannu ne. An cire abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da ake kira indomi an sayar, an cire tamostat an jefar wai don ƙasarmu da zafi, an haɗa fanka dairek. Ƙwaƙwalwar motar tana ganin duk wannan tana kuka. Mu kuma mu manna mata baƙin salatif, ko mu jingina katin ɗaurin aure a gabanta. Abin da ke damuna shi ne, fitilar guda ɗaya ce, laifuffukan da take bayyanawa kuwa ɗaruruwa ne. In kullum tana kunne saboda indomi, ranar da wani sabon abu ya taso ba ta da bakin faɗa. Motocin Amurka tun daga 1996, na Turai masu fetur kuma daga 2001, suna da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari. A jona na'ura ta karanto lambar laifin, P0420 misali ita ce ta indomi. Yau akwai samari a garin nan da ke wannan aiki da 'yar na'ura da wayar hannu. A riƙa kai musu lokaci-lokaci ko don a san abin da ya ƙaru a kan tsohon. In kuma fitilar ƙyaftawa take yi ba tsayawa ba, wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na bi ta salansa, wannan ba ta jira sai an yi albashi.

Inda abin ya wuce sakaci ya zama zalunci shi ne wurin sayar da mota. Ba duka dillalai ba, akwai masu tsoron Allah da za su gaya maka aibin mota kafin ka tambaya. Amma akwai masu kwance allo su zare ƙwan cek-injin da na ABS da na jakar iska. Waɗanda suka fi wayo ba sa zarewa, sai su haɗa wayarsu da ta baƙin mai, yadda in ka murɗa makulli duk za su kawo, in injin ya tashi duk su ɗauke. Ciniki ne aka gina a kan ɓoye aibi, kuma kowa a garin Shehu ya san hukuncinsa tun yana makarantar allo.

Akwai wani tsohon direban gwamnati a unguwarmu da ya yi ritaya, wanda duk mai shirin sayen mota yakan roƙa ya raka shi. Ba ya fara buɗe bonet, ba ya buga taya da ƙafa. Zama yake yi a kujerar direba, ya sa tabarau, ya murɗa makulli mataki biyu ya tsaya, yana nuna fitilun da yatsa ɗaya-ɗaya yana motsa baki. Sannan ya tayar, idonsa bai bar allon ba. Ya san ta baƙin mai da ta batir suna ɗaukewa da tashin injin, ta ABS takan ɗan daɗe kaɗan, ta jakar iska kuma sai ta yi wajen daƙiƙa shida, kowace da lokacinta. Da ya raka wani malamin asibiti ganin wata Honda da aka wanke tana ƙyalli, ya kashe ya kunna har sau uku, sannan ya kira dillalin.

"Ɗana, zo ka gani. Hitilun ga naka duk tare suka mutuwa, awa an hura masu iska."

"Baba, ai haka samfurinta yake."

"To a kira mai wayarin shi buɗe allon, ni ka biyan kuɗin aikin. In haka samfurin yake, mun saye ba ragi."

Dillalin ya ce maigidansa ba ya yarda a kwance mota kafin a biya. Malamin ya so ya tsaya, don launin ya kwanta masa kuma kuɗin sun yi daidai da aljihunsa. Tsohon ya cire tabarau ya miƙa makulli, ya ce masa, "Malam, mu tai mu duba waccan Corolla ta wajen Western Bypass tun rana ba ta yi ba."